Kada A Laɓe A Bayan Ƙaddara

Akwai wani hoto da aka ɗauka a birnin Kahramanmaras na ƙasar Turkiyya a watan Fabrairun 2023 wanda har yau ya ƙi barin raina. Wani magidanci ne sanye da rigar sanyi ruwan lemo, yana zaune a kan ɓaraguzan gini, ya miƙa hannu ya riƙe wani hannun da ya leƙo daga ƙarƙashin kankare. Hannun 'yarsa ce mai shekara 15. Tana kan katifarta, inda rufi ya same ta cikin barci, kuma ta riga ta cika. Ba a ganin komai nata sai wannan hannun da gefen katifar. Uban bai yi ihu ba, bai yi kururuwa ba. Yana zaune ne kawai cikin sanyi, ya ƙi sakin hannun.

Girgizar ƙasar da ta rushe ginin ta zo ne da ƙarfe 4:17 na asubahin ranar 6 ga Fabrairu, da ƙarfin maki 7.8, bayan kamar awa tara kuma wata mai maki 7.5 ta biyo baya ta ƙarasa abin da ta farko ta tsattsaga. Mutum sama da 53,000 suka rasu a Turkiyya, wasu dubbai kuma a arewacin Siriya, inda yaƙi ya riga ya gama ragargaza asibitoci da hanyoyi. Kwana biyu da faruwar abin Shugaba Erdogan ya je yankin, aka ji shi yana faɗa wa waɗanda suka tsira cewa irin wannan al'amari yana cikin tsarin ƙaddara.

Ni mai imani da ƙaddara ne, mai daɗi da marar daɗi. Da a ce mahaifin nan ne ya furta wannan kalma, da ba abin da zan ce sai Allah ya ba shi haƙuri, domin ita ce sandar da mai makoki ke dogarawa ya iya miƙewa. Amma idan ta fito daga bakin wanda aka damƙa wa amanar duba gine-gine, wanda ya karɓi haraji da sunan shirin ko-ta-kwana, sai ta zama labule. Abin da ke damuna ke nan, kuma na lura kusan ko'ina bala'i ya sauka, wannan labulen ne ake fara saukewa kafin a gama zaƙulo gawarwaki.

Babu wanda ya isa ya hana ƙasa girgiza. Doron duniya manyan faya-fayan dutse ne da ke goga juna, suna matsawa 'yan santimita kaɗan a shekara. Inda suka haɗu sukan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekaru ɗaruruwa, rana ɗaya ya suɓuce. Har yau ilimi bai kai ga sanin ranar ba. Amma wurin an san shi sarai. Masana sun daɗe da zana tsagar da ta bi ta gabashin Turkiyya a taswira, kuma ƙasar ba baƙuwar girgiza ba ce: a watan Agustan 1999 girgizar Izmit ta kashe sama da mutum 17,000. Bayan ta aka ƙaƙaba wa jama'a harajin da suke kira harajin girgizar ƙasa, aka tsaurara dokar gini. Dokar tana nan a takarda, kuma masana sun yarda mai kyau ce. Sai dai a 2018, gab da zaɓe, gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba: ka biya kuɗi, a ba ka takarda, ginin ya zama halattacce ba tare da an ƙara masa ko rodi ɗaya ba. A 2019 Erdogan ya tsaya a wannan birnin na Kahramanmaras yana alfahari da cewa afuwar ta warware matsalar mutum sama da 144,000. Takardar ta hana hukuma rushe gidan, amma ƙasa ba ta karanta takarda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake zuba ginshiƙi zai gane abin da injiniyoyi suka tarar a ɓaraguzan. Ginshiƙin kankare yana da dogayen rodi a tsaye, sannan da ƙananan da ake lanƙwasawa a zagaye su kamar zobe. Waɗannan zobban su ne ke riƙe kankaren idan gini ya fara tangaɗi. In an jera su kusa da kusa, aka lanƙwasa bakinsu ya shige ciki, ginshiƙin zai tsage amma ya ci gaba da ɗaukar nauyi har mutane su fita. In aka yi musu tazara don a rage kuɗin rodi, ko aka rage siminti aka cika yashi, ginshiƙin zai fashe ne lokaci guda, hawa na sama ya faɗo kan na ƙasa, su kwanta a kan juna kamar an jera tabarmi. A wasu gidajen ma an sare ginshiƙan ƙasa ne ɗungurungum don shago ya yi faɗi. Duk wannan ana yanke shi ne da rana tsaka, shekaru kafin girgiza, tsakanin ɗan kwangila da mai gida da jami'in da ya sa hannu bai leƙa wurin ba. Da an shafe da filasta an yi fenti, shi ke nan, babu mai sake gani. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, kuma ban san inda maganar ta fi dacewa ba kamar nan. Wanda ya kama haya a hawa na biyar ba shi da hanyar sanin zobe nawa ne a cikin ginshiƙin da ke ɗauke da gadon 'ya'yansa. Amana ce ya ba wasu mutanen da bai taɓa gani ba.

A cikin lardin Hatay, wanda ya fi ko'ina jin jiki, akwai wani gari mai suna Erzin da ko gini ɗaya bai rushe ba, kuma ba a rasa rai ba. Magajin garin ya ce ya ƙi yarda da ginin da ya saɓa doka duk da baƙin jinin da hakan ya jawo masa. Masana sun ce irin ƙasar wurin da nisansa da tsagar ma sun taimaka, kuma na yarda da su. Amma ko da rabin abin ne ya zo daga taurin kan hukuma, wannan rabin rayuka ne.

A shekarar 2010 duniya ta ga wannan darasi sau biyu cikin mako bakwai. Ranar 12 ga Janairu girgiza mai maki 7.0 ta afka wa Haiti. Ƙiyasin mamata ya kama daga 100,000 har zuwa sama da 300,000 da gwamnati ta faɗa. Ranar 27 ga Fabrairu wata mai maki 8.8 ta afka wa Chile, wadda ƙarfin da ta saki ya ninka na Haiti kusan sau 500, mutum ɗari biyar da 'yan kai suka rasu. Gaskiya ne cewa ta Haiti ta fi kusa da saman ƙasa, kuma ta tashi ne a gindin babban birni mai cunkoso. Amma Chile ta sha wuya a 1960, lokacin girgizar Valdivia mai maki 9.5, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, kuma ta ɗauki dokar gini da gaske, tana kama magini da laifi in gininsa ya gaza. A Port-au-Prince, babban birnin Haiti, kuwa har fadar shugaban ƙasa ta durƙushe.

Na san abin da wani zai ce: ai talauci ne, Chile na da hali, Haiti ba ta da shi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan raina ta ba. Rodi kuɗi ne, injiniya kuɗi ne. Amma Bangladesh ta hana ni yarda cewa maganar ta ƙare a nan. A 1970 mahaukaciyar guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a wannan yanki. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Ƙasar ba ta yi arziƙi dare ɗaya ba, kuma guguwa ba ta daina zuwa ba. Abin da aka yi shi ne an gina mafaka masu tsayi a kan ginshiƙai, waɗanda ake karatu a cikinsu a sauran ranaku, aka horar da dubban 'yan sa-kai, maza da mata, da ke bin ƙauyuka a kan keke da lasifika da tutoci suna shelar a tashi. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe mutum sama da miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai ko ɗari ba. Keke da lasifika da mutumin da jama'a suka sani suka yarda da maganarsa: wannan ba ya fi ƙarfin kowace gwamnati da ta damu da mutanenta.

Tun farkon Musulunci aka yi wannan muhawara aka gama. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudu yake yi daga ƙaddarar Allah. Umar ya amsa cewa e, gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Abin lura shi ne Umar shugaba ne, rayukan jama'a na wuyansa, kuma bai ɗauki imani a matsayin izinin jefa su cikin halaka ba. Shugaban da ya karɓi kuɗi ya halatta ruɓaɓɓen gini ya zaɓi busasshen gefen kwarin ne da idonsa biyu.

Ita gobarar daji ma hannun ɗan Adam ya fi fitowa fili a cikinta. Ranar 8 ga Nuwamban 2018 wuta ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kashe mutum 85, ta ƙone gine-gine sama da 18,000. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar da wani ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da babbar wayar lantarki a kan wani turke, a layin da ya kai kusan shekara 100. Shekara da shekaru iska na kaɗa shi yana gogar ramin da aka rataye shi, har ƙarfen ya cinye ya sirance. A safiyar nan ya karye, waya ta taɓa turke, tartsatsi ya zuba kan busasshiyar ciyawa. Ƙarfe ne da mutum zai iya riƙewa a hannu ɗaya, wanda da wani ya hau ya duba da ya ga ya ci. Garin na kan tudu, hanyoyin fita kaɗan ne, motoci suka cushe, wasu suka ƙone a cikin motocinsu, da yawa daga mamatan kuma tsofaffi ne da ba su ma iya fita daga gida ba. A 2020 kamfanin lantarkin, PG&E, ya amsa laifin kisa ba da gangan ba har sau 84 a gaban kotu, ana kiran sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya shugaban kamfanin yana amsawa. Ba wanda ya tafi gidan yari, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Amma aƙalla an kira abin da sunansa a gaban alƙali, ba a ce iska ce ta yi ba.

A Lahaina, tsohon babban birnin masarautar Hawai, ranar 8 ga Agustan 2023 mutum 102 suka rasu. Garin na kewaye da tsoffin gonakin rake da aka daina nomawa, aka bar su ciyawar da aka shigo da ita daga waje ta cika su, ta bushe ta zama kamar an jibge harawa a bayan gidajen mutane. An sha gargaɗi a rubuce game da wannan ciyawa. Da iska ta kayar da wayoyin lantarki wuta ta tashi, jiniyoyin gargaɗi da tsibirin ke tinƙaho da su ko ɗaya ba a kunna ba. Jami'in da ke da alhakin ya ce ya ji tsoron mutane su zaci igiyar teku ce su gudu wajen tudu inda wutar take. Bayan 'yan kwanaki ya ajiye aiki. Mutane sun yi ta faɗawa teku, wasu sun yi awoyi a cikin ruwa garwashi na zubo musu a ka. A Mati kuma, kusa da Atina a ƙasar Girka, a watan Yulin 2018 sama da mutum 100 suka mutu, aka tarar da gawarwaki 26 a wuri guda, rungume da juna, 'yan taku kaɗan daga gaɓar teku. Gidaje da katangun da aka gina barkatai sun toshe hanyoyin sauka ruwa, hayaƙi kuma ya hana su ganin ƴar hanyar da ta rage.

A nan ne nake so in ja hankali kan wani sabon labule. Sauyin yanayi gaskiya ne, ba na musun sa ko kaɗan. Zafi na ƙaruwa, daji na bushewa da wuri, lokacin gobara na tsawaita. A 2023 wuta ta ci kimanin hekta miliyan 15 a Kanada, hayaƙinta ya mayar da samaniyar New York ja kamar garin jan ƙasa, aka kwashe kusan duk mutanen birnin Yellowknife. Amma na fara jin masu mulki suna furta "sauyin yanayi" da irin muryar da ake furta "ƙaddara", wato abu ne babba daga nesa, ba laifin kowa ba ne a nan. Ba sauyin yanayi ne ya ƙi sauya ƙugiyar Paradise ba. A Derna ta ƙasar Libiya, a watan Satumban 2023, guguwar Daniel ta zubar da ruwan da ba a saba gani ba, wannan haka yake. Amma abin da ya share unguwanni ya zuba su cikin teku da dare shi ne fashewar madatsun ruwa biyu da aka gina a shekarun 1970, aka yi shekaru ba a gyara su ba, kuma wani masani ɗan ƙasar ya rubuta gargaɗi a kansu shekara guda kafin nan. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu dubbai har yau ba a gan su ba. In yanayi na ƙara tsanani, ai hujja ce ta a ninka gyara da dubawa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba ya tsayawa bayani kan zafin rana.

Sai kuma abin da ke biyo baya, wanda 'yan jarida ba sa jira su gani. Mako biyu ake yi ana nuna jiragen agaji, daga nan duniya ta juya wani wajen, a bar mutanen gari da bala'i na biyu, mai tafiyar hawainiya. Paradise na da mutum kimanin 26,000 kafin gobara; a ƙidayar 2020 ba su kai 5,000 ba. Sauran sun watsu, garuruwan maƙwabta suka cika, kuɗin haya ya tashi, wanda yake da gidan kansa jiya ya koma kwana a mota. Gari ba gine-gine ba ne kawai. Malamin da ya san kowane yaro, maƙwabciyar da ke leƙa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, mai shagon da ke ba da bashi, idan waɗannan suka watse babu kuɗin diyyar da zai sake tara su. A Lahaina toka ba ta gama hucewa ba mazauna suka fara kukan cewa masu kuɗi na kiran su a waya suna neman sayen filayensu. A Kalifoniya manyan kamfanonin inshora sun fara janye jiki daga yankunan da ke da haɗarin gobara, don haka lokacin da wutar Los Angeles ta Janairun 2025 ta cinye gine-gine sama da 16,000, akwai iyalai da suka tarar ba su da abin da zai ishe su sake gini. Mai hali zai sake ginawa ko ya ƙaura. Marar hali, wanda gidan nan shi ne duk abin da iyayensa suka bar masa, shi ne zai sayar da fili da araha ya tafi.

Akwai kuma mutuwar da ba ta shiga lissafin farko. A gobarar Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 wuta ta kashe mutum 33 kai tsaye, amma masana lafiya sun ƙiyasta cewa hayaƙin ya yi sanadin mutuwar sama da 400, mafi yawansu a birane masu nisa da dajin. A lardin Fukushima na Japan, waɗanda suka rasu daga baya saboda wahalar ƙaura, tsofaffin da aka yi ta yawo da su daga mafaka zuwa mafaka, marasa lafiyar da magani ya yanke musu, sun fi waɗanda girgiza da igiyar ruwan 2011 suka kashe a lardin yawa. A Haiti kuwa abin ya fi ciwo, domin daga hannun masu taimako ya fito: wata tara bayan girgizar, kwalara ta ɓarke daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙazanta ta malala cikin kogi. Kusan mutum 10,000 suka mutu, a ƙasar da ta yi sama da shekara ɗari ba ta san cutar ba. Sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwa.

In ana maganar ceto, hankalinmu kan tafi ga ƙwararru masu karnuka da na'urori da ke sauka daga jirgi. Suna da amfani, Allah ya saka musu. Amma kafin su iso an riga an yi mai yiwuwa. A girgizar birnin Kobe na Japan ta Janairun 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,400, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai 'yan'uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su, domin su ne suka san a wane ɗaki wane yake kwana. A tsaunukan Atlas na Maroko a Satumban 2023, inda kusan mutum 3,000 suka rasu, duwatsu sun toshe hanyoyi, mutanen ƙauyuka suka yi ta tono da hannu da shebur kafin kowa ya iso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa wajen koya wa unguwa abin yi ya fi kowane kuɗi albarka. Tsibirin Simeulue na Indonesiya yana daf da inda girgizar 26 ga Disamban 2004 ta tashi, wadda igiyar ruwanta ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe da dama. Mutanen tsibirin sun kusa 80,000, amma bakwai kacal suka rasu. Tun bayan irin wannan bala'i a 1907 kakanni ke saka labarin a waƙa da tatsuniya: in ƙasa ta girgiza, teku ta janye, a bar komai a hau tudu. Suna kiran abin smong. Ba su da jiniya ko ɗaya a lokacin.

Ba na cewa kowace mutuwa akwai wanda za a kama da laifinta. Japan ta fi kowa shiri, amma a Maris na 2011 ta rasa sama da mutum 18,000, matattu da ɓatattu, domin ruwan ya haure katangun da aka yi lissafin za su isa. Manomin tsaunin Atlas da ya gina ɗakinsa da laka da dutse, da abin da hannunsa ya kai, a yankin da kakanninsa ba su ga irin wannan girgiza ba, ba ni da bakin zarginsa. Ajali gaskiya ne, kuma akwai ranar da duk dabara za ta ƙare. Wanda nake nufi shi ne wanda ya sani, yake da iko, aka gaya masa, ya kau da kai. Shi wannan bai kamata a bar shi ya shige cikin sahun masu makoki yana karɓar gaisuwa ba. Haƙurin da aka umarci wanda aka yi wa rashi da shi bai hana shi tambaya ba, kuma tambayar ba raunin imani ba ce. Ita ce kaɗai ke tsare yaran da ke kwance yau a ƙarƙashin irin wancan rufin.

Makarantu biyu a wannan rana ta 11 ga Maris 2011 sun ishe ni misali. A Kamaishi an yi shekaru ana koya wa yara cewa in ƙasa ta girgiza kada su jira kowa, kada su dogara da taswirar da ta ce wurinsu ba haɗari, su yi ta hawa har inda ƙarfinsu ya kai. Da abin ya zo, 'yan ƙaramar sakandare suka fita da gudu, suka kamo hannun ƙannensu 'yan firamare, suka isa mafakar da aka tsara, suka ga ba ta yi musu ba suka ƙara gaba. Daga cikin ɗalibai kusan 3,000 na garin, kusan duka sun tsira.

A makarantar firamare ta Okawa da ke Ishinomaki kuwa, kimanin kilomita 4 daga teku a bakin kogin Kitakami, an tara yara a filin wasa bayan girgizar ƙarfe 2:46 na rana. Kundin tsarin makarantar bai fayyace inda za a gudu ba in igiyar ruwa ta taso. Malamai suka yi ta shawara, rediyo na gargaɗi, yara na tsaye cikin sanyi har kusan minti 50. Da aka tashi tafiya, sai aka nufi wani ɗan tudu kusa da gada, wato wajen kogin, ruwan kuma ya taho ta nan. Ruwan ya tafi da yara 74 cikin 108 na makarantar, tare da malamai 10. Iyayen yara 23 suka ƙi karɓar cewa abu ne da ba wanda ya zata, suka shigar da ƙara. Ba su sami goyon bayan kowa da kowa ba, a ƙasar da ba a son fito-na-fito da hukuma. A 2018 babbar kotun Sendai ta yanke cewa laifin ya fara ne tun kafin ranar, lokacin da hukumomi suka bar makarantar ba tare da tsayayyen wurin gudu ba, kuma a 2019 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Bayan haka aka matsa wa makarantu a faɗin ƙasar su sake duba tsare-tsarensu.

Ba a rushe ginin makarantar ba. Yana nan yadda ruwa ya bar shi, an buɗe shi ga masu ziyara, kuma wasu daga cikin iyayen ne da kansu ke zagayawa da baƙi. Sukan nuna ajujuwa, su nuna filin da yaran suka tsaya, sannan su juya su nuna tudun da ke bayan makarantar, wanda yaran suka saba hawa lokacin darasi. Daga filin zuwa inda ruwan bai kai ba, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafar yaro.